Karayar ƙugu ba ta maɗori ba ce

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Ajekoriya da kewaye, a wannan wata za mu yi magana a kan abin da ba a so a faɗa cikin taro. Ku yi mana haƙuri. Za mu ambaci fitsari, da bayan gida, da gaban mutum. Mun ga in ba a faɗa ba, wani zai rasa ransa don kunya.

Kowa ya san yadda muke tafiya cin kasuwa. Babbar mota ta cika da buhunan hatsi da na wake. Mutane suna zaune bisa buhuna, ƙafafu na lilo a waje. Ɗan kabu-kabu ya ɗora mutum biyu da akuya a bayan moto. Amalanke ya ɗauko dammuna har ba a ganin jakin, yaro yana zaune can ƙoli. In mota ta kife, ko amalanke ya bi ta kan mutum, ƙashin ƙugu yana iya karyewa. Haka kuma in katanga ta jiƙa da damana ta faɗo ma mutum, ko rijiya ta rufta da mai gina, ko sa ya matse makiyayi da icce, ko mutum ya faɗo daga gawo wurin sassabe ma dabbobi ganye. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a rahotonta na shekarar 2023, mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ne ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya. Waɗanda suka tsira da rauni sun fi haka nesa ba kusa ba.

In hannu ya karye ko ƙauri, mutanenmu sun saba su kira maɗori. Karayar ƙugu daban take. Ga dalili.

Abin da ke cikin ƙugu

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya san wurin. Inda cinyoyi biyu suka haɗu da ƙashin baya, akwai ƙashi mai kamar zobe. Mai fiɗa yakan sa hankali sosai in ya iso nan. Ya san mafitsara na ciki, ƙarshen hanji ma na ciki. In wuƙa ta kuskure, nama ya ɓaci. To, haka jikin ɗan Adam yake. A cikin wannan zobe akwai mafitsara. Akwai hanyar da fitsari ke bi ya fita. Akwai ƙarshen hanji da ya sauka dubura. Ga mace akwai mahaifa da farji. Ga kuma jijiyoyin jini manya da ƙanana, masu yawan gaske.

Zobe ba ya yawan karyewa wuri ɗaya. Ku gwada da awarwaro na ƙasa ko bakin tulu: in ya tsage nan, sai ya tsage can. In ƙashin ƙugu ya tsage haka, sai ɓangarorin su goce. Wajen gocewa suna jan abin da ke maƙale da su. Bakin ƙashin kuma kaifi gare shi kamar fasasshen kasko.

Hanyar fitsarin namiji doguwa ce, ta kai santimita 18 zuwa 20. Ta taso daga mafitsara, ta ratsa ƙarƙashin ƙashin mara, kana ta shiga azzakari. A daidai ƙarƙashin ƙashin nan a ɗaure take tam. In ƙashi ya goce, nan take yagewa, wani lokaci ma ta tsinke biyu kamar igiyar guga. Likitoci sun lissafa, cikin maza 10 da suka karye a ƙugu, kamar mutum 1 yana samun wannan rauni. Ta mace gajera ce, wajen santimita 4, don haka ba ta cika tsinkewa ba. Amma ƙashi yana iya yaga farji, kuma wannan ma babban rauni ne.

Raunin dubura bai kai na hanyar fitsari yawa ba, amma ya fi shi saurin kisa. In ƙarshen hanji ya huje, kashi yana shiga cikin nama da karyayyen ƙashi. Ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Kwana biyu ko uku sai masassara mai zafi, ciki ya kumbura, wuri ya fara wari. In an kai nan, aikin likita ya yi wuya ƙwarai.

Kafin duk wannan akwai jini. Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa. Mai karayar ƙugu yana iya zubar da lita 2 ko fiye a cikin cikinsa, alhali ba a ga ɗigo ɗaya a ƙasa ba. Jama'a su ce: "Alhamdu lillahi, bai ji ciwo ba, ko jini babu." Shi kuwa jini yana tsiyaya daga ciki. Maɗori, komi gwanintarsa, hannunsa ba ya kaiwa can.

Alamun da ba a ɓoyewa

Mu ɗauki misali. A ce wani magidanci ne amalanke ya bi ta kansa a hanyar gona. Yana kwance, ba ya iya tashi. In ya motsa ƙafa sai ya yi ƙara, ya kama ƙugu ko mara. Wataƙila ƙafa ɗaya ta juya waje, ko ta fi ɗaya gajarta. Wannan ya isa a yi zaton karayar ƙugu.

Sai wani namiji ɗan uwansa ya kare shi da zane daga idon jama'a, ya duba wandonsa. In mace ce, mace ta duba. Akwai jini a bakin azzakari, ko da ɗigo ɗaya? Yana jin fitsari ya matse shi, amma ya ƙi fita? Mara ta kumbura ta yi tauri? Maraina da tsakanin cinyoyi sun kumbura sun yi baƙi? Akwai jini a dubura ko a farji? Ko ɗaya aka gani cikin waɗannan, to, akwai rauni a ciki.

A nan wani zai ce: "Ai fitsarin jini ba baƙo ba ne, tsargiya ce." Gaskiya ne, yaran da ke wanka a tabki suna kamuwa da tsargiya, jini ya biyo ƙarshen fitsari. Amma tsargiya ba ta hana fitsari fita rana ɗaya. Jinin da ya fito bayan faɗuwa ko matsa, kada a ɗora ma tsargiya shi.

Ku duba kuma idonsa da tafin hannunsa. In sun yi fari, jiki ya yi sanyi, zufa na karyo mashi, yana ta roƙon ruwa, numfashi na sauri, to jini yana ƙarewa. Kowace sa'a tana da tsada.

Kafin mota ta zo

Abu na fari, kada a tayar da shi tsaye don a gani ko zai iya takawa. Kada a ja ƙafar. Kada a danna ƙugun a ji ko yana motsi. Jinin da ya fara daskarewa a ciki, motsi yana sake ɓalle shi.

Abu na biyu shi ne wanda ya fi ceton rai, kuma ba ya cin ko dala. A samo zane mai ƙwari, ko rawani, ko bargo marar kauri. A ninka shi ya yi faɗin taƙi ɗaya ko fiye kaɗan. A zura shi a hankali ta ƙarƙashin gwiwoyi, a ja shi sama sannu sannu har ya kai ƙugu. Ku kula da wurin, nan ne mutane ke kuskure. Ba a ciki ake ɗaurawa ba, ba kuma inda mazagin wando ke zama ba. Ku shafa gefen cinyarku daga sama, za ku ji wani ƙashi ya turo, wanda ke taɓa tabarma in kun kwanta a gefe. Daidai nan zane zai bi, dama da hagu. Mutum biyu su ja, su ɗaure tam. Kana a haɗa gwiwoyi a ɗaure, a haɗa idon sawu a ɗaure. Wannan ɗauri yana rufe zoben da ya buɗe, jini ya rage zuba. A manyan likitocin duniya ma abin da ake fara yi ke nan, sai dai su suna da ɗamara ta musamman.

A ɗauke shi bisa abu mai tauri, kamar ƙyauren ɗaki ko faffaɗan katako. Mutum huɗu ko biyar su ɗaga shi gaba ɗaya, kai da baya da ƙafa a miƙe. Kada a naɗe shi cikin tabarma, kada a zaunar da shi a bayan moto tsakanin mutum biyu. In babu abin hawa sai amalanke, a shimfiɗa katifa ko ciyawa, a ɗora ƙyauren bisa, a tafi a hankali. A lulluɓe shi ko da ana zafi, don jinin mai jin sanyi ba ya daskarewa da kyau.

Zai roƙi ruwa. Tausayi zai sa a kawo mashi fura. Kada a ba shi. Mai yiwuwa a yi mashi fiɗa ranar nan, kuma cikakken ciki haɗari ne wurin allurar barci. Ga shi kuma mafitsara ta riga ta cika, ba ta da mafita. A jiƙa tsumma a shafa mashi a leɓe. Kada a sayo mashi tramol ko aspirin wurin mai tebur. Aspirin yana ƙara zubar jini, tramol kuwa yana sa maye, likita ya kasa gane halin da yake ciki.

Kada a matsa mashi ya yi fitsari. In hanya ta tsinke, yunƙuri yana tura fitsari cikin nama. Kada kowa ya zura mashi kara, ko gashin kaza, ko roba a gaba wai don a buɗe hanya. Yagewa kaɗan tana iya zama tsinkewa gaba ɗaya. Kada a ɗura mashi jiƙo ta dubura. In akwai rauni a buɗe, a rufe da tsumma wankakke, a danne. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da kashin shanu.

Sai a nufi likita mafi kusa. A ƙasarmu aikin lafiya hawa hawa ne. Daga ɗakin shan magani na ƙauye sai likitar CSI, daga nan sai likitar gunduma da ke Dakoro, daga Dakoro sai Maraɗi. Majo na CSI ba zai ɗinke hanyar fitsari ba. Amma zai sa ƙarin ruwa, ya yi allurar rage zafi, ya rubuta takarda, ya kira motar ɗaukar marasa lafiya. Tsakanin Dakoro da Maraɗi ya fi kilomita 100. Saboda haka duk sa'ar da aka ɓata ana shawara a zaure, an ƙara ta bisa doguwar tafiya.

Wata shawara: kada tsofaffi kaɗai su raka shi. A tafi da samari biyu ko uku masu lafiya, waɗanda za su iya ba da jini. Sau da yawa dangi ne ake nema su bayar. Jinin da mutum ya bayar jiki yana mayar da shi cikin ƴan makonni.

A likita

Likita zai tambaya: "Malam, ka yi fitsari tun da abin ya faru? Ka ga jini? Ta ina?" Nan ne dattijo yakan sunkuyar da kai, musamman in ɗansa ko surukinsa na tsaye. Sai ya ce: "Ƙafa ce kawai, likita." Wanda ya raka shi ya fita waje, ko kuwa ya faɗa a madadinsa. Likita zai sa safar hannu ya duba dubura da yatsa. Ba wulaƙanci ba ne. Da haka ake gane ko hanji ya huje.

Aiki na fari shi ne tsayar da jini da ƙarin jini. Za a ɗauki hoton ƙashi, wanda ake ce ma radiyo. Wani ƙugun ɗauri da kwanciya sun ishe shi. Wani sai an kafa mashi ƙarfe daga waje, ko an ɗaure ƙashin da ƙarfe daga ciki. Ƙashin yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya kama.

In ana zaton hanyar fitsari ta yage, akwai hoto na musamman. Ana ɗura wani ruwa ta bakin azzakari, a ɗauki hoto, a ga inda ruwan ya ɓalle. In yagewar kaɗan ce, gwanin likita yana iya sa tiyo a hankali, hanya ta warke a kansa cikin ƴan makonni. In ta tsinke, sai a huda mara, ƙasa da cibiya, a sa tiyo kai tsaye cikin mafitsara. Fitsari ya riƙa sauka cikin jaka. Mutumin da ya kwana yana murƙususu, nan take yake samun sauƙi.

In dubura ce ta huje, fiɗa ba ta jira. Likita zai wanke wurin, ya cire naman da ya mutu, ya ɗinke abin da ke ɗinkuwa. Za a ba da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da allurar tetanus, ciwon nan mai sarƙe haƙora. Sau da yawa kuma sai an kauda ma kashi hanya. Ana fito da bakin hanji ta gefen ciki, a manna jaka, bayan gida ya riƙa fita ta nan. Manomi ya san wannan dabara. In ana gyaran bakin rijiya ko katanga, ai sai an juya ma ruwa hanya tukuna, in ba haka ba gini ba ya bushewa.

Tiyo da jaka

Nan ne muke so mu daɗe, don nan ne da yawa ke karaya.

Mutum ya farka daga fiɗa, ya ga tiyo a mara, ya ga jaka a ciki. Sai ya ce rayuwarsa ta ƙare. Wani ma dangi ne ke ƙin sa hannu tun farko, su ce gara ya mutu da mutuncinsa. Ku saurara da kyau. Ga mai irin wannan rauni, jakar ciki yawanci ta wucin gadi ce. In ƙasa ta warke, bayan wata 3 zuwa 6 ga mafi yawa, ana duba wurin, a mayar da hanji ciki, a ɗinke. Mutum ya koma zagayawa kamar kowa.

Tiyon mara shi ma jira ake da shi. Me ya sa ba a ɗinke hanyar fitsari ran nan ba? Domin wurin cike yake da jini da kumburi, likita ba ya ganin bakin zaren. In ya matsa, jini ya ɓalle, ko ya taɓa jijiyoyin riƙe fitsari da na mazakuta. Shi ya sa ake jira aƙalla wata 3, kumburi ya saɓe, ƙashi ya kama, mutum ya iya buɗe ƙafafu. Sa'an nan likitan hanyar fitsari ya yanka tsakanin maraina da dubura, ya cire tabon da ya toshe, ya haɗa baki biyu masu lafiya, ya ɗinke. Wasu likitoci biyu, Richard Turner-Warwick a Ingila da George Webster a Amurka, su ne suka kyautata wannan ɗinki a shekarun 1970 da 1980. A hannun wanda ya saba, mutum 8 zuwa 9 cikin 10 suna komawa fitsari ta hanyarsu. Bayan ɗinki tiyo yana zama kamar mako 3 ko 4, kana a cire.

Ba kowace likita ke wannan aiki ba. Ana iya tura mutum babbar likitar Maraɗi, ko ta Damagaram, ko ta Lamorde a Yamai. In an ba ku takarda da rana, ku adana ta cikin leda tare da hotunan ƙashi. Kada ku bari ranar ta wuce don shuka ko girbi. Mun san wuya ce. Wanda ya karye da bazara, lokacin ɗinkinsa yana faɗowa tsakiyar aikin gona. Wannan aikin dangi ne da maƙwabta: a yi mashi gayya, shi ya tafi.

Kuɗi ma magana ce. A shekarar 2024 gwamnati ta rage kuɗin ganin likita, da gwaje-gwaje, da fiɗa a likitocin gwamnati da rabi. Duk da haka akwai kuɗin mota, da magani, da jakunkuna, da abincin mai jinya. Tun da an san fiɗa ta biyu tana tafe, watannin jira su ne na tanadi. Kada a sayar da bisashe duka a makon farko.

A watannin nan tiyo yana son tsabta. A wanke hannu da sabulu kafin a taɓa shi. A wanke bakin hudar kullum da ruwan da aka tafasa ya huce. Jakar fitsari ta zauna ƙasa da mara koyaushe, don kada fitsari ya koma ciki. A zubar kafin ta cika. A sha ruwa da yawa, ya fi na da, balle da zafin bazara. Ana canza tiyo a likita kamar kowane mako 4 zuwa 6, yadda likita ya ce. Tiyon da ya daɗe yana yin tsakuwa, ya toshe, cuta ta hau har ƙoda. In tiyo ya fita, a je likita ran nan, ko da dare ne, don hudar tana rufewa cikin sa'o'i kaɗan. In fitsari ya tsaya, ko ya yi kauri da wari, ko masassara ta zo da ciwon kwiɓi, kada a kwana.

Babbar riga tana rufe jaka, ba mai sani a kasuwa. Game da salla kuma, malamanmu na Malikiyya sun san hukuncin mai lalura: abin da ke fita ba da son mutum ba, mafi yawan lokaci, ba ya karya alwala. A tambayi liman, kada mutum ya ƙaurace ma masallaci a kan zato.

Saura magana ɗaya da maza ke yi ma likita raɗa a bakin ƙofa. I, wasu suna samun raunin mazakuta. Yawanci karayar ce ta taɓa jijiyoyi tun ranar haɗari, ba tiyo ba, ba kuma ɗinki ba. Wasu ƙarfinsu yana dawowa sannu sannu cikin shekara ɗaya ko biyu. Akwai kuma magani a likita. Maganin ƙarfin maza na kasuwa ba ya ɗinke jijiya. Uwargida ta san wannan tun da wuri, don kada zargi ya shiga gida.

Macen da ta taɓa karyewa a ƙugu, in ta samu ciki, ta gaya ma ungozomar likita tun awon farko, kuma ta haihu a likita. In fitsari ko kashi yana yoyo ta farji bayan haɗari, wannan ma ana ɗinke shi. A Danja, kusa da Maraɗi, akwai cibiyar gyaran yoyon fitsari ta mata da aka buɗe a shekarar 2012, kuma ma'aikatan CSI sun san inda za su tura ta.

Bayan an cire tiyo, mutum ya riƙa lura da fitsarinsa. In ya ga yana raguwa, yana fita siriri kamar zare, ko sai ya yi nishi, to tabo ne ke son dawowa. Yawanci a shekarar farko yake nuna kansa. A koma wurin likitan da ya yi ɗinkin, da takardun nan na cikin leda.